Kira Uku a Layi na Shida

Ranar uku ga Janairun bara, da ƙarfe biyar da kwata na yamma, Damesh ta mutu a layi na shida, kujera ta tara, a tsohon gidan sinimar da ke bakin kogin Irtish. Mijinta Sagindik yana kujera ta takwas, ya toshe kunnuwansa da 'yar wayar rediyo, ya ja hula ya rufe, yana sauraron wasan hoki, ƙwallon sanda da ake bugawa a kan ƙanƙara. Ƙungiyar garin ce ta yi nasara, uku da biyu.

Yau shekara guda cif. Yana tsaye a kicin yana jiran shayi ya tafasa sai 'yarsa Aknur ta bugo waya daga Almati.

"Baba, gobe da safe jirginmu na ƙasa zai iso. An kawo naman dokin sadakar shekarar?"

"An kawo. Dokin ya fi ni shiri."

"Liman ya ce bayan addu'a kai za ka yi magana. Dangin Mama na ƙauye duk za su zo, kuma ba su ji daga bakinka ba. Ka faɗa musu abin da ta ce."

"Ai an kai musu labari."

"Daga bakinka nake so. Baba, wai a daidai wane wuri ne a fim ɗin? Na kalle shi sau biyu ina nema. Kafin raƙumin ya ɓace ne ko bayan nan?"

"Shayina zai ƙone," in ji shi. "Sai kun iso."

Shayi ba ya ƙonewa, kuma ta sani.

Abin da ya faɗa wa Aknur bara, a barandar asibiti, shi ne uwarta ta riƙe hannunsa ta ce, "Mun yi zama mai kyau, Baban Aknur," sannan ta jingina kai a kafaɗarsa. Shekara talatin da takwas ya yi yana koyar da adabi a sakandare. Ya san yadda ake haɗa maganar ƙarshe, gajeriya, ba ado, wadda mutum zai iya ɗauka ya tafi da ita. Aknur ta ɗauka. Ta sa an rubuta a ƙarƙashin hoton da ke falonta.

Abin da ya faru daban ne. Saura minti biyu a tashi, abokan hamayya sun fitar da golansu sun ƙaro mutum, mai sharhi yana neman tsaga maƙogwaro, sai ya ji an taɓa hannunsa, ya kuma ji, ta ƙarƙashin hayaniyar, an ce, "Sagindik." Ya ɗaga yatsa ɗaya. Jira. Amma minti biyu a hoki ba minti biyu ba ne, agogo tsayawa yake duk sanda aka hura usur. Da aka tashi wasan kanta yana kafaɗarsa. Ya zaci barci take. Har ya yi hankali kada ya motsa ya tashe ta.

Sai daga baya ya gane abin da ya ji. Damesh 'yar ƙauye ce daga gindin duwatsun Altai, inda mace ba ta kama sunan miji. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa ba. A gaban baƙi Baban Aknur ne. In su biyu ne, Mai Tsaron Gida, domin ya tsare raga a samartakarsa, kuma a cewarta wannan ne kaɗai gidan da ya taɓa tsarewa. Sunansa a harshensu ma'anarsa "mun yi kewa", don haka kalmar kanta ta haramta a bakinta. In Aknur ta daɗe ba ta zo ba, sai dai ta ce mata, "Gidan ya yi mana faɗi." Macen da ta kewaye kalma ɗaya tsawon rayuwarta ta zo ta faɗe ta, shi kuma ya ɗaga yatsa.

Ya sa riga biyu da kwat, ya fito. A matattakala ƙamshin mai ya tare shi. Alhamis ce, ranar da mata ke toya gurasa bakwai don ƙamshin ya kai ga matattu. Damesh ba ta taɓa fashi ba, shi kuma bai taɓa fasa gaya mata cewa matattu ba su da hanci ba. Maƙwabta ne ke toyawa, babu shakka. Sai dai ya sauka hawa biyu ya ji ƙamshin ya ragu, ya koma sama ya ji ya fi ƙarfi a bakin ƙofarsa. Ya tsaya kaɗan, ya duba makulli, ya sauka.

A tsakar gidajen unguwar, Tursin, sa'ansa kuma abokin wasansa tun firamare, yana ba filin hoki na unguwar ruwa da tiyo don ya daskare. Hazon da ke tasowa daga kogi ya haɗiye benen da ke gaba, ya haɗiye ƙafafun Tursin, sai rabin mutum ake gani yana shawagi bisa fari.

"Ga gawar da ta ƙi kwanciya," in ji Tursin.

"Kai da likita ya ba wata shida tun shekara takwas? Ƙasa ce ba ta so."

"Ina da tikiti biyu, ƙarfe huɗu. Surukina ya kwanta da mura, Allah ya ƙara masa. Taho mu je, Gola. Shekara guda kana kallon wasa a talabijin ba murya, kamar kurma a gidan biki."

"Ina da wurin zuwa."

"Ina? Kai da ba mai gayyatarka."

"Sinima."

Tursin ya kawar da kai, ya maida hankali kan tiyonsa. Ruwan yana bazuwa a hankali, baƙi, yana yin fari tun kafin ya kai katanga. "Wancan fim ɗin suke nunawa har yanzu?"

"Duk hutun sabuwar shekara. Ba su da wani."

"Ai ka haddace shi."

"Akwai wurin da ya wuce ni."

"To, ka gaida raƙumin," in ji Tursin, muryarsa ba wasa a ciki.

Lissafin Sagindik mai sauƙi ne. Ana fara fim ƙarfe huɗu. An tashi wasan bara biyar da minti ashirin da biyu, wannan yana cikin jarida, an kuma taɓa hannunsa kamar minti bakwai kafin nan. Zai zauna da agogo a hannu, ya ga abin da ke kan allo da biyar da kwata, gobe ya miƙe a gaban liman da dangi ya ce a daidai wurin kaza ne. Ƙarya ma gini ce, in aka bar rami iska na shiga.

Bas ɗin da ya hau cike yake da masu zuwa wasa, kowa da gyalen ƙungiya a wuya, ana ɓare lemon tanjarin, ana gardamar wane ɗan wasa ne ya kamata a sayar. A tashar filin wasa suka zube gaba ɗaya. Ya rage shi kaɗai da direba da ɓawon lemo. Ma'aunin sanyi a jikin wani kanti ya nuna talatin da huɗu ƙasa da sifili. Ƙarfe uku da rabi, amma fitilun titi sun kama, kowace da ɗan zagayen haskenta a cikin hazo, ba ta haska komai sai kanta.

"Layi na shida, ta takwas," ya ce wa yarinyar da ke sayar da tikiti.

"Duk ɗakin fanko ne, Malam. Ka zaɓi wata. Ta kusa da ita ta lalace."

"Ba ta kusa da ita na ce ba."

Mutum biyar ne a ɗakin da ke ɗaukar ɗari uku: saurayi da budurwa can baya waɗanda ba fim ya kawo su ba, soja yana barci, wata tsohuwa da jaka a cinya, sai shi. Kujerun irin masu naɗewa ne, in mutum ya tashi sai su miƙe su manne da bayansu. Duk layin a miƙe suke kamar ɗalibai in shugaban makaranta ya shigo. Ta tara ce kaɗai a zaune. Ya ɗaga ta da hannu, ta koma ƙasa a hankali, ba ƙara, kamar an ɗora mata nauyi. Wayar da ke ɗaga ta ce ta saki, in ji shi a ransa. Ya zauna, ya tattara gefen kwat ɗinsa don kada ya zuba a kanta.

Fim ɗin na barkwanci ne, fari da baƙi, labarin wani ɗan kai wasiƙu da raƙuminsa mai taurin kai. A wannan ɗakin suka fara kallonsa da Damesh, shekarar da suka yi aure, ita tana dariya tana rufe baki da gefen kallabi. Yau ba mai dariya. Barkwancin yana fitowa daga allo, ya ratsa kujeru ɗari uku, ya koma. Duk waɗanda ke cikin fim ɗin sun mutu, har raƙumin.

Biyar saura. Biyar da biyar. Ya karkata agogo ya kama hasken allo. Da biyar da kwata ɗan wasiƙun yana tsaye a ƙofar wani gida cikin dusar ƙanƙara, yana ƙwanƙwasawa, ba a buɗe ba. To, shi ke nan: bayan raƙumin ya ɓace, a wurin ƙofa. Ya samu abin da ya zo nema. Ya runtse ido, ya jingina, ya bar hannunsa a kan madogarar da ke tsakanin kujera ta takwas da ta tara.

"Sagindik."

Daga hagu ne, daga wajen kujera ta tara, muryar mace, ƙasa-ƙasa. Bai buɗe ido ba. Duk garin Malam suke ce masa, Tursin ya ce Gola, Aknur ta ce Baba. Tun da uwarsa ta rasu mutum ɗaya ne ya faɗi wannan suna a kusa da kunnensa.

"Sagindik."

Ya damƙe madogarar kujerar. A allo ana ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Sagindik." Aka taɓa hannunsa, haske ya faɗo a fuskarsa.

Mai duba tikiti ce, wata dattijuwa gajeriya cikin rigar aiki, da tocila a hannu, ta sunkuyo ta saman kujera ta tara. Ta sauke numfashi, ta kashe tocilar.

"Alhamdu lillahi. Na ga ba ka motsi ne, Malam. Na ce kada a maimaita."

"Wa ya gaya miki sunana?"

"Ita." Ta duƙa a gefen layi, tana magana a hankali don kada ta dami sojan. "Ni ce a bakin aiki bara. Can nake tsaye, jikin labule. Na ji ta sarai. Har na ce a raina, wannan baiwar Allah da kallabin mutanen ƙauye, ga ta tana kama sunan miji a cikin mutane."

"Ta kira ni," in ji shi. "Na ji."

"Sau uku."

Ya juyo ya dube ta.

"Na farko da ƙarfi. Na biyu ta kama hannunka, ka ɗaga yatsa. Na uku da ƙyar na ji, sai don na matso." Ta gyara zaman tocilar a hannunta. "Na matso, saura taku huɗu, amma ban ƙaraso ba. Na ce tsakanin miji da mata ne. Shekara guda ina tunanin wannan taku huɗu."

"Ba ta ce komai ba bayan nan?"

"Sunan kawai." Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. "Kai dai, Malam, ba ka amsa kira."

Fim ya ƙare, aka kunna fitilu. Saurayi da budurwa suka fita, sojan ya farka ya bi su, tsohuwar ta ɗauki jakarta. Dattijuwar ta buɗe ƙofofi biyu ta bar shi. Daga can nesa, ta hanyar filin wasa, motoci suka fara oda a jere. Ƙungiyar garin ta ci ke nan. Wayarsa ta yi motsi a aljihu.

"Baba, mun shiga jirgi. Ka tuna wurin?"

"Bayan raƙumin ya ɓace. Mutumin yana ƙwanƙwasa ƙofa."

"Na san wurin," in ji ta, muryarta ta yi laushi. "A nan ta ce kun yi zama mai kyau."

Ya dubi kujera ta tara. Tana nan a zaune.

"Ba ta ce haka ba, Aknur. Ni na haɗa. Ina sauraron wasa ne a rediyo. Sunana ta kira."

"Sunanka? Mama?"

"Sau uku."

Ya ji ƙarar ƙafafun jirgi a kan layin dogo, ya ji wani yana tallar shayi a bayanta.

"Kai kuma me ka ce mata?"

Sagindik ya karanta littattafai sun fi dubu, ya koya wa yaran rabin garin yadda ake rufe labari. Ya riƙe wayar a kunne, ya buɗe baki. Kalma ɗaya ce, ko yaro ɗan shekara uku ya iya ta, kuma ba ta Aknur ba ce. Na'am.