Takabar Majigi

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan Usmanu direba ya san yadda kakansa Ɗanlami ya mutu, don Hajja Ƙaltume, mahaifiyar Usmanu, ba ta barin baƙo ya tashi bai ji ba. Ubanta mai kula da dawaki ne a Fort-Lami, garin da yanzu ake ce wa Njamena. Wata shekara Nasara suka zo neman mutane da dawaki, ya bi su. Aka yi shekara biyu babu shi babu saƙo. Rannan aka kafa majigi a filin kasuwa, irin wanda ake nuna wa mutane labarin duniya a jikin farin ƙyalle. Matarsa Zenabu ta je, da 'yarta a hannu. Sai ga mijinta a ƙyallen cikin kayan soja, tsaye kusa da wani kyaftin Bafaranshe, ga kunnensa na hagu da doki ya taɓa gutsure masa. Aka harbe shi a ƙirji, ya faɗi. Ita ma ta faɗi a sume, aka kwashe ta zuwa gida. Ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta sayar da ɗakinta, ta goya Ƙaltume ta bi ayarin masu zuwa Makka. Haka aka yi suka zama mutanen Madina.

Usmanu ya kai hamsin da biyu bai taɓa ganin abin tambaya a labarin ba. Shi mota ya sani. Ya ɗauko alhazai, ya kai su Bi'ir Ali su ɗaura harami, ya dawo gida ya ci abinci.

Abincin yake ci ranar Laraba da azahar, 'yarsa Hanan ta shigo ta rufe ƙofa. Ita ce ta karanta Faransanci a jami'a, Hausa kuwa sai ta cakuɗa ta da Larabci: uba Abuya, kaka Sitti.

"Abuya, na samo abin da Sitti Zenabu ta gani a majigi."

"Kakarki ta gaya mini. Ta ce ran Juma'a bayan la'asar za ki nuna mata. Allah ya yi miki albarka."

"Na gaya mata kafin in kalla har ƙarshe. Mushkila ce, Abuya. Ajiye cokalin."

Ta jingina wayar da tulun ruwa. Hoto baƙi da fari, ganuwar ƙasa, tuta, wani dogon Bature mai gashin baki yana yi wa manyansa magana. Hanan ta ce an ba shi umarni ya bar ganuwar ya gudu, shi kuma ya ce ya yi rantsuwa ba zai bar sojojinsa masu rauni ba.

"Ina ruwana da rantsuwarsa? Kai ni wajen kakana."

Ta kai shi. Ga mutum nan, siriri, riƙe da linzamin farin doki. Da ya juya, kunnen hagu rabi ne. Goshin kuwa na Hajja ne sak. Usmanu ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Bindiga ta yi ƙara, mutumin ya dafe ƙirji ya kife.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Usmanu. "Allah ya jiƙansa. Kashe."

"Istanna. Jira kaɗan."

Ta ja hoton gaba. Yanzu abokan gaba ne ke hawa ganuwar, da rawuna da masu. Na uku a layi ya ɗago kai, rawaninsa ya zame. Kunnen hagu rabi.

Usmanu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa wayar.

"Wane ne wannan?"

"Shi ne."

"Ke, kina da hankali? Yanzun nan aka kashe shi!"

"Tamsil ne, Abuya. Wasa ne, fim ne kamar na talabijin. Yaƙin da suke nunawa an yi shi tun ba a haifi Ɗanlami ba. Haya suka ɗauke shi. A sa masa wannan riga ya mutu, a sa masa waccan ya sake mutuwa. Sau uku na ƙirga."

Usmanu ya ƙura wa wayar ido. Shinkafa ta huce a gabansa. Abu ɗaya ne ke yawo a kansa. Mutumin nan ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ya gama aikinsa, ko bayan shekara nawa ne, ya kamo hanyar gida, ya tarar da wasu mutane a ɗakinsa.

"To sauran masu kallo fa? Babu wanda ya gan shi ya tashi?"

"Wa ya san kunnensa in ba matarsa ba? Ita kuma an fitar da ita."

Usmanu ya buga tabarma da tafi.

"Ki saurara. Ran Juma'a, da ya faɗi na farko, ki kashe. Halas, magana ta ƙare."

"Haram, Abuya. Ubanta ne."

"Uwata ce! Shekararta saba'in da biyar, ga hawan jini. Duk rayuwarta tana cewa ubanta ya mutu a kan amana. Yanzu ki ce mata su ne suka gudu suka bar shi da rai? Ki ba ni abin latsa talabijin, ni zan riƙe."

Ran Juma'a Hajja ta yi wanka ta sa farin mayafinta na zuwa Harami. Ta sa aka kawo dabinon Khaibar a faranti, ta turara ɗakin kamar za a yi baƙo. Hanan ta haɗa wayar da talabijin. Usmanu ya zauna a bakin ƙofa, abin latsawa a hannu, gumi na karyo masa duk da sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki.

Hajja ta zuba wa hoton ido har farin dokin ya fito. Sai ta sauko daga kujera, ta ja gwiwa zuwa gaban talabijin.

"Baba," ta ce a hankali. "Dubi yadda ya rame. Ba sa ba shi abinci ne?"

Bindiga ta tashi. Ɗanlami ya kife. Usmanu ya latsa, hoton ya tsaya cik.

"Shi ke nan, Hajja. Nan ya ƙare."

"Ya ƙare? Ga Baturen nan da baki a buɗe, bai gama maganarsa ba."

"Sauran duk surutun Nasara ne."

"Manu, uwata a nan ta suma. Shekara saba'in ina son in san ko sun yi masa sutura ko a fili suka bar shi. Sake shi."

"Hajja, ba shi da kyaun gani."

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni? 'Yar nan, karɓe abin nan daga hannun ubanki."

Hanan ta miƙo hannu. Usmanu ya dubi uwarsa a durƙushe a kan darduma, ya dubi 'yarsa. Bai ba ta ba. Shi da kansa ya latsa.

Suka kalli kyaftin yana zagaya masu rauni yana ba su ruwa. Suka kalli masu rawuna suna hawa ganuwa. Rawani ya zame.

Hajja ta yi baya kamar an ture ta.

"Mai kama da shi ne," in ji Usmanu da sauri.

"Rufe mini baki. Ni za ka nuna wa ubana?"

Aka soke shi da mashi, ya gangaro. Hajja ta sa hannu biyu a ka. Can gaba aka nuno gawawwaki zube a rana, kyaftin yana ratsawa ta cikinsu shi kaɗai. A gefen hoton wata gawa mai rabin kunne ta ɗaga hannu a sace, ta kori ƙuda daga fuskarta, ta mayar da hannun.

Dariya ta kuɓuce wa Hajja, guda ɗaya, mai kama da tari. Daga nan jikinta ya hau rawa. Usmanu ya yi tsalle ya riƙe ta, yana kiran Hanan ta kawo maganin hawan jini. Ta ture hannunsa.

"Inna ta yi wa mai rai takaba," ta ce. "Ya dawo, Manu. Ya dawo ya yi sallama a ƙofarmu."

 Kiɗa ya tashi a talabijin, rubutu ya fara hawa sama.

"Mene ne wannan?"

"Sunayen waɗanda suka yi fim ɗin, Sitti."

"Karanta."

Hanan ta karanta su duka, har mai ɗinka riguna da mai gyaran gashin baki. Babu Ɗanlami.

Hajja ta share fuska da mayafi. Ta tambaya ko mutanen Cadi suna kallon wannan abu. Hanan ta ce kowa a duniya yana iya kalla a intanet, har akwai wurin da ake barin magana a ƙasansa.

"To rubuta. Da Faransanci, da Larabci, da Hausa. Ɗanlami mai dawaki, na Fort-Lami, mijin Zenabu. Ki ce 'yarsa Ƙaltume tana Madina. Wanda ya san inda aka binne shi, ko ya san wani ɗa da ya bari, ya yi magana."

"Lambar wa zan sa?" in ji Hanan.

Usmanu ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙa mata.