Ganyen Ƙarshe a Bakin Magajin Gari

Ranar da Baba ya miƙa wa ƙanena Reinhold ragamar gonarmu da ke tsaunukan Khomas a Namibiya, sharaɗi ɗaya ya gindaya masa. A lokacin shanyewar ɓarin jiki ta riga ta kama shi. Hannun dama ya mutu, magana kuma sai a hankali, kamar mai hawan tudu da kaya a ka. Ya ce shanu da baƙin da ke zuwa farauta duk sun koma hannun Reinhold, ya yi yadda ya ga dama, amma ba a harbi a kan dutsen da ke fuskantar barandar gida. Ba sabuwar doka ba ce. Kakanmu ne ya kafa ta, ya ce duk dabbar da ido ya gani daga baranda ta gida ce, ba nama ba ce. Reinhold ya yi alkawari a gabana.

Gadar dutse biyu, wasu ƙananan dabbobin dawa, su ne ke zaune a kan wannan dutsen, namiji da mace. Ba su wuce ɗan akuya girma ba, suna tsayawa a kan tsinin kofato kamar masu ɗage. In ɗaya na kiwo, ɗaya na tsaye yana gadi, haka suke yi kullum. Namijin yana da tsagaggen kunnen hagu da ƙahon da ba mu taɓa ganin mai tsawonsa a yankinmu ba. Baba ya sa masa suna Magajin Gari, saboda yadda yake hawa ƙololuwa ya dubi gona kamar gadon ubansa ce. Kowace safiya nakan tura Baba a keken guragunsa zuwa baranda, in ajiye masa kofi da busasshen burodi, in jingina masa madubin hangen nesa a kan ƙarfen baranda yadda hannun hagu zai iya riƙewa. A wannan lokacin ne kawai yake doguwar magana. Yakan ba ni labarin inda Magajin Gari ya kwana da abin da matarsa ta ci, kamar mai kawo rahoton maƙwabta.

Muna da wata al'ada kuma da kakanni suka zo da ita daga Jamus. Duk dabbar da baƙo ya harba, kafin a kai ta wurin fiɗa, sai an kawo ta baranda. Baba zai sa mata ɗanyen ganye a baki a matsayin abincinta na ƙarshe, ya ba maharbin wani reshen ya soka a hula, sannan su gaisa. Ko bayan da ciwo ya kwantar da shi bai bari an daina ba.

Baƙon da ya zo mana a ƙarshen wannan kakar farautar sunansa Orval Tackett, tsohon makanikin injinan noma daga Montana, can ƙetaren teku. Shekaru da yawa yana bin nau'o'in ƙananan gada goma da maharba ke alfahari da haɗawa. Ya samu tara, suna rataye a bangon ɗakinsa, saura gadar dutse. Gwiwarsa ɗaya ta ƙarfe ce, likitan zuciyarsa kuma ya ce masa wannan ce doguwar tafiyarsa ta ƙarshe. Mutum ne mai barkwanci. Tun daren farko ya ce shi da Baba in aka haɗa su za a samu lafiyayyen mutum guda, Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Da safe Baba ya ba shi madubin ya duba dutse. Orval ya daɗe yana kallo, sannan ya yi fito a hankali.

"Kalla da ido kawai, abokina," in ji Baba. "Wannan ɗan gida ne."

Orval ya ɗaga hannu biyu sama, ya ce shi ba ya shiga tsakanin mutum da magajin garinsu.

Shekarar ba a yi ruwan kirki ba. Reinhold ya riƙa fita da Orval zuwa tsaunukan yamma tun da sanyin safiya, su dawo da rana tsaka hannu wofi. Dabbobin sun haura can sama, inda gwiwar ƙarfe ba ta kaiwa. Wata rana Orval ya zame a kan tsakuwa ya ƙuje hannu, na wanke masa na ɗaure, yana ta cewa dutsen ne ya fara tsokanarsa. Reinhold kuwa ba ya dariya. Wannan ce kakar farautarsa ta farko ba tare da Baba a gefensa ba, kuma ya san maƙwabta suna jiran su ji ko ɗan Eckhart, sunan Baba ke nan, ya gaji ubansa ko suna kawai ya gada. Na lura ya daina cin abinci sosai.

Ranar ƙarshe, muna karin kumallo, Reinhold ya kawo wata shawara. Ya ce ya taɓa ganin wasu gadar dutse biyu a bayan dutsen gida, cikin wani kwazazzabo, namijin matashi ne mai matsakaicin ƙaho. Wurin ba ya ganuwa daga baranda, mota kuma tana kaiwa kusa, Orval ba zai yi hawa ba. Baba ya riƙa juya cokali a cikin kofi. Daga baya ya ce gaskiya ne, bayan dutse ba baranda ba ne, dokar kakanmu ba ta kai can ba.

"Amma ka duba kunne," ya ce.

Ni hankalina bai kwanta ba, na ce dutse ɗaya ne ko ta ina aka zagayo shi.

"Yaya Wiltrud, ke kam da za a bi ta taki, ko sauro sai an nemi izini kafin a kashe shi," in ji Reinhold. Orval ya ce shi ma yayarsa haka take, har yanzu tana duba masa bayan kunne ko ya wanke. Aka yi dariya, maganar ta wuce.

Rana ta yi sanyi lokacin da muka ji ƙarar bindiga, sau ɗaya. Baba ya ɗaga yatsa, ya ce harbi ɗaya alama ce mai kyau, tsohon bai wahalar da dabbar ba. Ya aike ni in karyo masa rassa biyu daga bishiyar ƙayar da ke bakin ƙofa, ya sa na gyara masa wuyan riga. Muka zauna jira. Can sai ga ƙurar mota. Amma maimakon ta nufo baranda, sai ta karkata ta bi bayan garken shanu zuwa rumfar fiɗa. Na ce wa Baba bari in duba, wataƙila taya ce ta yi faci.

Na same su a bayan motar. An shimfiɗa buhu an kwantar da dabbar a kai, domin gashin gadar dutse ba ya son taɓi, da an ja shi sai ya zube. Orval na tsaye can gefe, hula a hannu, yana kallon takalminsa. Na sunkuya na duba. Kunnen hagu a tsage yake. Magajin Gari ne.

Reinhold ya hau bayani da sauri, ba ya kallona. Ya ce fari ne ya kora su zuwa kwazazzabon, don can ne kawai ganye ya rage. Dabbar ta tsaya ne ɓangaren hagunta na jikin dutse, rana kuma tana dukan idonsa. Orval yana haki, in an ƙara jira ba zai iya riƙe bindigar ba. Sai da suka isa wurin ne suka ga macen tana tsalle daga dutse zuwa dutse tana fito, ta ƙi tafiya.

Sannan ya faɗi abin da ya yanke. Za a feɗe ta yanzu, a ce wa Baba zafi ya yi yawa, an ji tsoron fatar ta lalace shi ya sa ba a kawo ta baranda ba. In aka kwana biyu Baba bai ga Magajin Gari ba, zai ɗauka damisa ce ta yi aikinta. Ya ce gaskiyar za ta iya ƙara masa ciwo, ni da kaina na san abin da likita ya ce game da ɓacin rai.

Na san ba ƙarya yake yi ba a kan likitan. Na sake duban kunnen. Sannan na tambaye shi.

"Reinhold, kunnen ne ba ka gani ba, ko ba ka tsaya ka duba ba?"

Ya goge fuska da hannun riga. "Na ga ƙahon, Yaya."

Ya isa amsa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, kuma yaron da ya tashi yana kallon wannan ƙahon daga baranda ba zai haɗa shi da na matashin namiji ba.

Orval ya matso ya ce shi ba ya son dabbar, a haƙa rami a binne ta, zai koma gida da tara, tara ma ba laifi. Reinhold ya juya kansa da zafi, ya ce in an binne ta to ta mutu a banza ke nan. Na ce su dakata. Na gaya wa ƙanena cewa Baba na zaune a baranda da ganye a hannu, ya sa an gyara masa riga. Ni ba zan kai ƙara ba, amma in ya tambaye ni ba zan ɗora wa damisa laifi ba. Sauran ya rage nasa. Na juya na koma gida ban waiwaya ba, don ban san me zan yi ba in na ji ana wasa wuƙa.

Ban daɗe da zama ba sai ga Reinhold tafe a ƙasa, ya rungumo dabbar cikin buhun kamar jariri, Orval na ɗingishi a bayansa. Ya durƙusa ya kwantar da ita a kan teburin da ke gaban keken Baba.

Baba ya dubi ƙahon. Ya miƙa hannun hagu ya juya kan, ya kama tsagaggen kunnen yana murza shi a hankali tsakanin yatsu. Sai ya ɗauki reshe ɗaya yana ƙoƙarin buɗe bakin dabbar da hannu guda, ganyen ya faɗi, ya sake ɗauka. Reinhold ya kai hannu zai taimaka, Baba ya ture shi da gwiwar hannu. Sai da ya yi ta fama kafin ganyen ya zauna. Sannan ya miƙa wa Orval ɗaya reshen.

Orval ya girgiza kai, ya ce ba zai iya ba.

"Karɓi, abokina," in ji Baba. "Kai abin da aka nuna maka ka harba. Harbi ɗaya, bai sha wahala ba. Ka tafi da shi, amma kada ka rataye shi a lungu. Ya saba da kallon nesa."

Orval ya karɓa ya soka a hula, suka gaisa kamar yadda aka saba. Baba ya juya ga ɗansa.

"Ka sani kafin ka ce masa ya harba?"

"Na sani, Baba."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce a ɗauke ta a kai wurin fiɗa tun kafin gashin ya fara zuba, kuma a feɗe ta da kyau. Ya ce ni kuma in mayar da shi ciki, sanyi ya fara sauka.

Na yi zaton zai yi faɗa washegari, ko ya karɓe ragamar gonar. Da ya yi hakan da sauƙi. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya yi sallama da Orval cikin mutunci, har ya ce ya gaishe masa da yayar nan mai duba kunne. Bayan motar ta tafi filin jirgi, sai ya ce in kira ƙanwarsa, Gwaggo Hedwig, da ke zaune a Swakopmund a bakin teku, in tambaye ta ko gidan tsofaffin da ke kusa da ita yana da ɗaki. Na roƙe shi ya sake tunani. Na ce Reinhold bai ɓoye masa ba, shi da kansa ya ɗauko dabbar ya kawo. Baba ya ce ya gani, kuma ya yaba da hakan. Amma gona ba ta zama da masu doka biyu, wanda ke da ƙafa shi ne mai dokar, shi kuwa ba ya son ya zauna yana ƙirga ƙarar bindiga yana tunanin daga wane ɓangare ta fito.

Reinhold ya je ɗakinsa ya ba shi haƙuri, na ji ta ƙofa. Baba ya ce ya yafe, ya shafa masa kai, amma bai canja magana ba.

Ranar tafiya Reinhold ne ya ɗauke shi ya sa a gaban mota, ya naɗe keken ya ɗaure a baya, ya duba igiyar ya sake dubawa. Ni na tsaya a gida saboda shanu. Da motar ta fara tafiya a hankali, ta taga ina jin Baba yana yi masa bayanin famfon rijiyar kudu, cewa in ya fara tari kada ya kira makaniki, robar ce kawai take so a canja. Reinhold yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan hanya, yana cewa, "To, Baba. To."