Wanda Ya Goge Aikin Agushi

Tun da Malama Iveren ta raba 'yan ajinta rukuni-rukuni, Malam Babandi bai sake jin daɗin wayarsa ba. Shi dai ya saye ta ne don masu keke napep su riƙa kiransa in suna neman taya ko birki a shagonsa na hanyar Makurɗi. Yanzu kuwa da la'asar 'yarsa Muhibbat ce ke riƙe da ita, sauran yinin kuma tana aljihunsa tana tsuwa kamar an ɗaure ɗan tsako a ciki.

Aikin da aka ba su Muhibbat shi ne su rubuta yadda ake sarrafa agushi, daga gona har kasuwa. Tana tare da Ortese da Nana Khadija da Yahya. Rukunin da ya fi kyau shi zai wakilci makarantar a gasar makarantun Lafiya, kuma Muhibbat abokan suka zaɓa ta tsaya gaban jama'a ta yi bayani. Har Kwandere ta je wajen kakarta, ta ga yadda ake fasa guna a bar ta ta ruɓe, a wanke 'ya'yan a shanya. Wannan duk ya yi wa Malam Babandi daidai. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya.

"A shafi ɗaya muke rubutu duka, Baba, a intanet. Kowa daga gidansu."

"In kin rubuta naki suna gani?"

"Suna gani mana."

"Tun malama ba ta duba ba?"

"Haka ake so ai."

Malam Babandi iyakarsa firamare, amma bai manta dokar aji ba. Hannu ake sawa a kare takarda. Wanda ya leƙa ya sha bulala, wanda ya bari aka leƙa shi ma ya sha. Ya kai ƙorafin wajen matarsa Mairo, ta ce, "Malam, ka bar yarinya da karatunta, kai ka ji da tayoyinka." Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Ranar Asabar da hantsi kasuwa ta yi sanyi, sai ya buɗe shafin a shago. Ga hoton tsohuwarsa zaune gaban tabarmar agushi, ga rubutun Muhibbat a ƙasa. Yana bi da yatsa yana haɗa Turancin a hankali, har yana murmushi. Can sai wani ɗan layi mai launi ya ɓullo a tsakiyar rubutun, da suna a kansa, Ortese. Layin ya cinye kalma ɗaya, ya ajiye wata. Ya sake cinye wata. Daga nan ya kwashi sakin layi guda na Muhibbat ya kai shi can ƙasa, kusa da nasa.

"Iko sai Allah," in ji Malam Babandi. "A gabana, da rana tsaka."

Ya kira gida, Mairo ta ce Muhibbat tana Islamiyya. A lissafinsa, kafin ta dawo yaron nan ya kwashe wahalar Kwandere kaf ya maƙala sunansa. Sai dabara ta zo masa: ya cire nata daga idon mutane, in ya so ranar miƙawa ta mayar, ai yana kanta. Ya danna yatsa ya riƙe, wasu kalmomin Turanci suka fito, ya taɓa wadda ta fi kusa. Shafin ya yi shuɗi daga sama har ƙasa. Ya danna gogewa, komai ya yi fari fat. Ya sauke ajiyar zuciya, ya tashi ya sallami wani mai neman tiyub.

Da la'asar Muhibbat ta karɓi wayar. Ba ta daɗe tana kallo ba ta zauna a ƙasa daɓas.

"Umma, sun cire ni daga rukuninmu."

Ashe shafin yana rubuta sunan duk wanda ya taɓa shi, kuma sunan Muhibbat ya nuna. Ba nata kaɗai ya tafi ba, har na sauran ukun. Yahya ya rubuta a guruf ɗin ajin gaba ɗaya cewa haushin gyaran Ortese ne ya sa ta rushe musu aiki, sauran 'yan aji kuma kowa na tofa tasa.

Malam Babandi ya gyara hula, ya yi gyaran murya. "Ni na cire. Sata na kama ana yi miki."

"Wace sata, Baba? Ni na roƙe shi ya gyara min Turancin, ya jera sassan. Na bar masa saƙo a gefen shafin."

"Ni ban ga wani saƙo ba."

"Malam," in ji Mairo, "wa ya aike ka?"

Ranar Litinin ya bar shago a rufe ya bi Muhibbat makaranta. Malama Iveren 'yar Tibi ce, Hausarta ta kasuwar Lafiya. Ta ja masa kujera a ofishin malamai ta saurare shi har ya gama.

"Baba, aiki bai ɓace ba. Shafin yana ajiye tsohon rubutu, na dawo da shi tun ranan."

"Alhamdulillahi. Magana ta ƙare ke nan."

"Bai ƙare ba. Ba ni ne ya cire Muhibbat ba, yara ne. Guruf nasu ne."

"To ba ke ce malama ba? Ki ce su mayar da ita."

"In na tilasta su, za su zauna da shi, amma ba za su yi aiki da shi ba. Inda aka ɓata sunansa, can za ka gyara. Ka yi musu boyis, saƙon murya."

Malam Babandi ya kalle ta, ya kalli silin. Shi da furfura a gemu, ya ba sa'o'in 'yar cikinsa haƙuri, kuma da murya, a wurin da kowa zai iya sake kunnawa. Ya juya zai ce a'a, sai ya ga Muhibbat a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai, tana murza gefen hijabinta. Ya miƙa hannu ya karɓi wayar.

Ya fara da sallama, ya gaida yaran, ya tambayi iyayensu da gajiyar karatu, yatsansa ya zame, saƙon ya tafi da gaisuwa zalla. Malama Iveren ta juya baya tana tari. Ya sake dannawa.

"Babandi ne, mahaifin Muhibbat. Wannan gogewa ni na yi, ba ita ba. Na ga ana taɓa rubutunta na zaci kwafa ake yi. Mu a zamaninmu ba a haɗa takarda. Ortese, ɗana, na zarge ka a zuciyata, ka yafe ni. Ku mayar da 'yar'uwarku."

Sai da aka fita tara amsa ta zo. Ortese ne ya shigo da kansa, dogo siriri, Hausarsa irin ta malamarsu, ya rusuna.

"Baba, mun ji, ba komai. Mun mayar da Muhibbat guruf." Ya sosa ƙeya. "Sai dai bayanin nan, mun riga mun ba Nana Khadija, ya haddace tun jiya. Muhibbat zai riƙe hotuna."

"Hotuna? Ita da ta je har Kwandere?"

"Baba," in ji Muhibbat a hankali, "don Allah ka bari haka."

Ya bari. Da aka tashi ya dawo ɗaukarta, suka hau keke. Wayar tana hannunta tana danne-danne, sai da suka zo daidai shagon ta miƙa masa. Ya sauka, ya ciro ta zai kira wani direba da ya yi wa alkawarin birki tun safe. Wayar ta nemi lambar sirri.

"Muhibbat, mene ne wannan kuma?"

"Kira zai shigo, kana iya ɗauka. In kai za ka kira, ka ari ta Umma."

"Wayata ce fa."

"Bayan gasa, Baba."

Mai keken ya ja, ya bar Malam Babandi a bakin titi yana gwada shekarar haihuwarsa, wayar tana ce masa ba ita ba ce.