Bargo Ya Nema

Matar mai shagon kusa da mu ce ta kawo min maganar, tana wani langaɓe kai kamar mai ta'aziyya. "Ashe haƙuri kika yi ta yi da marigayi, ba mu sani ba?" Na ce wane haƙuri? Ta ce ai 'yarta ta je kallon wasan kwaikwayon da autana ya shirya, an nuna komai: yadda mijina ya yi ta son wata mace a ɓoye duk tsawon zamanmu, da yadda ya roƙe ni gafara a bakin mutuwa.

Shanya nake yi. Na bar kayan a bokiti na fita.

Mijina mai aski ne. Kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, sai baki da ba ya hutawa. Mutum ya zauna aski, sai ya tashi da labarin kifin da ya haɗiye agogo, masunta suna kara kunne a ruwa su ji ƙarfe nawa. Ƙarya yake shararawa, kowa ya sani, don ita ma ake zuwa. Amma mace? Mutumin da in maƙwabciya ta gaishe shi sai ya amsa wa takalminsa? Yana ƙasa yanzu, ba shi da bakin kare kansa sai nawa.

Wurin wasan nasu tsohon ɗakin ajiyar katifu ne, a bayan masu facin taya. Da rana tsaka na shiga, amma ciki duhu, sun toshe tagogi da baƙin yadi. Bencuna a jere, fitilu a cikin gwangwanaye, warin fenti. Idona bai gama sabawa ba na ji tarin.

Tarinsa ne. Gajere, a bushe, da wannan gyaran muryar da ke biyo baya kamar zai fara labari. Can gaba, a kan wani gadon ƙarfe, ga mutum kwance cikin rigar sanyin mijina, mai ruwan ƙasa, wadda na yi wa faci a gwiwar hannu da zaren da bai dace ba. Na neme ta bayan rasuwar, Auta ya ce ya bayar.

"Inna!" Auta ya taso daga benci. "Me ya kawo ki nan?"

"Ƙafata. Kai kuma, tashi ka tuɓe rigar nan."

Na kan gadon ya miƙe zaune. Wani zanƙalelen saurayi ne, an barbaɗa masa hoda a kai, Dogo suke ce masa. "Sannu da zuwa, Inna."

"Ban zo gaisuwa ba. Ina matar da aka ce mijina yana so?"

Wata siririyar yarinya ta ɗaga hannu daga bayan gadon. "Ni ce, Inna. Ni ce ke kuma. Mayafi kawai nake canzawa."

"Ke? Ranar da aka haife ki ma haƙoransa sun fara zuba."

Dogo ya toshe baki. Auta bai yi dariya ba. "Inna, wasa ne fa. Ba a kira sunan kowa ba."

"Rigar ubanka, tarin ubanka, ga almakashin ubanka can a kan tebur. Wane suna ya rage? Unguwa duk ta ɗauka. Yau an zo har gida ana yi min jaje. Daga ina ka samo masa mace?"

"Ya nemi gafara, Inna. Na ji da kunnena. *Yafe min*, ya ce. Wanda ya nemi gafara dole akwai abin da ya yi, shi ne na nema masa dalili."

"*Yafa min* ya ce, sakarai! Bargo ne ya zame masa, sanyi yake ji. Na ɗauka na yafa masa, ya yi shiru, bai ƙara magana ba. A kan bargo ka yi wa ubanka farka?"

Ciwon ƙarshe ya karkatar wa mijina baki gefe guda, magana rabi take fita. Amma ni ce na yi jinyarsa. Ni na san yadda *ruwa* ke fita a bakinsa, na san *juya ni*, na san *tafi ki ba ni wuri*.

Auta ya ce, "Ba ke yake kallo ba."

"Me ka ce?"

"Kin sunkuya kina ɗaukar bargon. Ni ina bakin ƙofa. Ni yake kallo, Inna."

Tun ranar da yaron nan ya ƙi karɓar almakashi ya bi 'yan wasa, ubansa ya daina yi masa magana. Cewa yake shi yana yin ƙaryarsa hannunsa na aiki, amma a ce ɗansa ƙaryar ce aikin? Ko a hanya suka haɗu sai ya kau da kai. Da jiki ya yi tsanani na aika aka kira Auta. Ya zo da safiyar ranar rasuwar, ya tsaya a ƙofa, bai shigo ba. Wannan na sani. Inda idon mijina yake a lokacin ne ban sani ba, don gaskiyar yaron, kaina yana ƙasa.

"To in kai ya roƙa, me ya kawo mace?"

"Ban iya sa kaina a ciki ba. Ban amsa masa ba, Inna. Tsayawa kawai na yi."

Hannuna ya yi ƙaiƙayin mari. Na riƙe shi da ɗayan.

"Saurara. Matar nan ta fita daga wasan nan yau, ba gobe ba. Ni bargo na ji, kuma a kan bargo zan mutu. In kai gafara ka ji, ga ƙofa can, ka tsaya da ƙafarka kowa ya gan ka. Ba ka ɓuya a bayan mayafin yarinyar mutane ka ɓata mamaci ba."

Auta ya dubi yarinyar. Ita da kanta ta ninke jan mayafin ta cusa a jaka. "Na huta da canji," in ji ta.

"An cire, Inna," in ji Auta.

Dogo ya sosa hodar kansa. "To ni wanne zan faɗa? Yafa ko yafe?"

"Kwanta ka faɗa yadda aka koya maka, in ji."

Aka rage fitila. Auta ya je ya tsaya a jikin wani katako da suka kafa a matsayin ƙofa, hannuwansa a baya, yadda ya tsaya ranar. Dogo ya kwanta, ya ture bargon da ƙafa ya faɗi. Ya yi tarin. Ya karkata baki, Allah kaɗai ya san yadda ɗana ya koya masa, har da rawar leɓen ƙasa. Sai ya faɗa.

Ƙarshen kalmar bai fito ba. Iska ce kawai ta biyo, sai *min*. Haka ta fita daga bakin mijina a waccan safiyar, sak, ba ragi. Na kasa kunne a cikin kaina ina neman abin da na yi ta rantsuwa a kansa, ban same shi ba.

Yarinyar ta sandare, ta manta aikinta. Bargo yana ƙasa. Ƙafafun mutumin a waje suke, suna karkarwa, ba wanda ya motsa.

"Ba ku gani sanyi yake ji?" na ce.

Ban san lokacin da na hau ba. Na sunkuya na ɗauki bargon na yafa masa, na tura gefen a ƙarƙashin ƙafafunsa. A bayana na ji takun Auta ya baro ƙofar, na ji ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa, ba da ni yake ba. Ban juya ba.

Tafin hannuna yana kan ƙirjin rigar, ƙirjin yana hawa yana sauka. Wancan karon tsayawa ya yi a ƙarƙashin hannuna. Na jira. Bai tsaya ba.

"Inna," in ji Dogo cikin raɗa, "in tashi?"

"Kwanta tukuna," na ce.