Tubalin Uwaisu

A duk ƙauyen Gidan Kanya, can gefen Bagwai, babu mai tsoron hadari a shekarun farin nan sai Safara'u, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa? Mutane suna cin tafasa ba gishiri, rijiya sai an ƙulla wa guga igiya biyu, sannan mace ta buɗe baki ta ce gabanta faɗuwa yake in ta ga gajimare? Ai jifanta za a yi, kuma da gaskiyar masu jifan.

Tubali ne ya jawo mata wannan. Mijinta Uwaisu magini ne ɗan magini, irin maginan nan da kowane gida ya san hannunsu ban da nasu. Shekara tara da aurensu tana cikin ɗakin kara. Duk rani sai ya ce bana, duk damina ita kuma ta jera kwanuka tana tarar ɗigo. Ranin da Allah ya nufa ya tashi cika alkawari, ya haƙo jar ƙasa daga kududdufi, ya kwaɓa da ciyawa, ya bar ta ta kwana ta tsumu, ya tattake ta da ƙafa har sai da ta yi danƙo. Safara'u ce ta ɗebo ruwan, tulu bayan tulu. Ya zauna ya cura tubalin da hannunsa, ya shanya, ya tara a bayan rumbu, tari ya kai ƙirjin mutum. Har harsashi ya haƙa, ya nuna mata inda ƙofa za ta kalla.

Sai hatsi ya ƙare, don daminar da ta wuce ba ta ba da komai ba. Mai yunwa kuwa ba ya kiran magini. Uwaisu ya bi ayarin masu tafiya kudu neman abin kai wa baki, ya ce kafin ruwan farko zai dawo ya ɗora. Da zai fita ya waiwayo ya ce, "Kada kowa ya taɓa mini su."

Ko bai faɗa ba, babu mai taɓawa. A gidansu, tun kakanni, magini ba ya ɗora tubalin ɗan'uwansa muddin mai tubalin yana raye, sai in da bakinsa ya ba da izini. In ya mutu ne dangi suke yin gayya su gina abin da ya bari, ya zama sadaka a gare shi. Liman ya sha gaya musu wannan ba ya cikin littafi. Sukan ce gaskiya ne, Malam, su ci gaba da abinsu.

Abokan tafiyarsa suka dawo ɗaya bayan ɗaya, a rame. Suka ce a wata tasha suka rabu, ya hau motar katako zuwa inda aka ce ana gine-gine. Daga nan babu wasiƙa, babu sallahu, babu wanda ya ce ya ga mai kama da shi. Daminar shekarar ta zo da ɗan yayyafi irin wanda ko ƙura ba ya kwantarwa, Safara'u ta rufe tarin da zana, ya isa. Gero ya ƙone tun yana tsayin gwiwa, tubali kuwa ko gezau.

Tun daga nan ta zama baiwarsu. Da safe ta zagaya ta duba ko gara ta shiga, ta barbaɗa toka a gindin tarin, ta kori kaji. Wanda ya tsage sai ta liƙe shi da ruwan da ta rage a na wanke fuskarta. Tubalin ɗaki guda ba abin da za a cusa a bukka ba ne, dole a fili zai zauna. A shekara ta biyu awaki suka cinye zanar, sannan su ma suka mutu. Ta ɗauko tabarminta biyu, su ke nan gare ta, ta rufa, ita ta koma kwana a kan buhu.

Badaru, yayan Uwaisu, shi ne yake raba ɗan abin da ya samu da ita, kuma mutum ne da ba ya son magana biyu. Wata rana ya yi sallama ya tsaya daga bakin danga, yana kallon ƙasa. Ya ce mata tubali ba hatsi ba ne da za a ajiye. Ƙarfinsa a jikin bango yake, an ɗaure shi da 'yan'uwansa, an bi shi da yaɓe, an sa masa indararo. Wanda yake tare a ƙasa kuwa ƙasa ce kawai mai jiran ruwa. Ya ce in ta yarda zai tara mutane, kafin damina ta samu ɗakinta. Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta buƙaci ya ƙarasa ba, don ta san tubalin wa ake yi wa gayya.

"Yaya, ka ga gawarsa?"

Ya ce bai gani ba. Ta ce to a bar su. Ya tafi, bayan wata uku ya sake dawowa da maganar, ta sake ba shi amsar nan.

Abin da ya fi cin ta shi ne ranar roƙon ruwa. Duk gari ya fita fili, tsofaffi suna kuka, liman yana addu'a, ita ma tana amin da baki, amma can cikin zuciyarta wani abu yana cewa a ɗan jinkirta, a bari ya dawo tukuna. Ta tsani kanta saboda wannan. Da jaririn maƙwabciyarta Zulaihatu ya rasu don nono ya ƙafe, Safara'u ta kasa shiga gaisuwa sai a rana ta uku. Gani take kamar ita ce ta riƙe wa gari ruwa. Ta yi istigfari har ba ta san iyaka ba, ta fito daga gidan gaisuwar, kuma ƙafarta ba ta kai ta ko'ina ba sai bayan rumbu.

A shekara ta uku mutane suka yi binne, suka zuba ragowar irinsu a busasshiyar ƙasa suka bar wa Allah. Ran nan bayan azahar iska ta ɗauke cak. Safara'u ta ɗaga kai ta ga gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama. 'Yar manoma ce, ta san wannan ba na yayyafi ba ne. Ta dubi tabarmi biyu da rana ta cinye, ta dubi tarin. In ta yi shiru, abin da ya rage mata na mijinta zai narke a gabanta. In ta yi magana, ita ce ta kashe shi da bakinta. Ta tsaya har iskar farko ta ɗaga tabarma ɗaya, sannan ta fita da gudu, ba takalmi ba mayafi, ta tarar da Badaru a bakin gonarsa tare da mutane suna kallon sama.

"Yaya, ku zo ku ɗora."

Kowa a wurin ya ji, kowa kuma ya san abin da ta ce. Badaru ya yi salati a hankali. Ya fi kowa sanin ba a gini da hadari a ka, ko ƙasar ɗauri ba a kwaɓa ba, amma ya kira mutane suka biyo ta. Ba su kai rabin hanya ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Guɗa ta tashi daga kowane gida. Mazan da suke gudu a bayanta suka tsaya suna ɗaga hannuwa sama, wasu suna dariya, wasu suna kuka, kuma wa zai ga laifinsu?

Ita kaɗai ta isa. Ta kwanta a kan tarin ta buɗe hannuwa, sai ka ce jikin mace ɗaya zai rufe ɗaki guda. Tana ji tubalin yana laushi a ƙarƙashin ƙirjinta, yana zamewa. Jan ruwa ya gangara ya cika ramin harsashin, ya bi ta inda ƙofa za ta kalla ya fita. Sai da Zulaihatu ta zo ta janye ta da ƙarfi, ana dab da magariba.

Da gari ya waye babu tubali ko ɗaya, sai tudun jar laka mai kama da suri. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari, ana ta kiran juna zuwa gona. Badaru ya zo ya tsaya a kan tudun. Ya ce ta yi haƙuri, ƙasar ba ta ɓata ba, rani na yi zai sake kwaɓa ta da hannunsa ya gina mata ɗakin da babu irinsa a Gidan Kanya. Ba ɗaki ne a ranta ba. Ta share fuska ta tambaye shi abin da ta kwana da shi.

"Yaya, maganar da na yi jiya, tunda ko ɗaya ba a ɗora ba, ba a iya janye ta?"

Tun asuba a masallaci liman ya riga ya tambayi Badaru ko gaskiya ne Safara'u ta ce a ɗora, ya ce gaskiya ne, har an yi wa Uwaisu addu'ar mamaci. Suna tsaye sai ga sallama daga ƙofar gida. 'Yan gaisuwa ne na farko, ƙafafunsu duk laka, fartanya a kafaɗa, suna ta ƙoƙarin ɓoye farin cikin da ruwa ya bar musu a fuska. Safara'u ta juya ta ɗauko musu abin zama, sai ta tuna tabarminta duka biyu suna cikin lakar.