Bangon Gidan Bastawi

Tun daga kwanar da ake barin titi a gangara cikin ƙauye Atiyyat ta hango bangon gidansu. An shafe gidan da farar ƙasa fes, an zana Ka'aba a gefen ƙofa da jirgin sama a samanta, har da raƙumi da jirgin ruwa, alhali ita da mijinta Bastawi babu wanda ya hau raƙumi a tafiyar nan, balle jirgin ruwa. Haka ake yi a ƙauyukan yankinsu na Esna: iyaye suna Makka, 'ya'ya suna gida sun kira mai fenti, don duk wanda ya wuce ya san mutanen gidan nan sun sauke farali. Atiyyat ba ta yi nisa a karatu ba, amma ta san sunanta idan ta gan shi. Ga shi nan a saman ƙofa da shuɗin fenti, baƙaƙe manya-manya: Alhaji Bastawi da Hajiya Atiyyat, Allah ya karɓi hajjinsu.

To ita dai ba ta yi aikin hajji ba. Ta je, wannan gaskiya ne. Shekara da shekaru suna shiga ƙuri'a sunansu bai fito ba, da ya fito suka sayar da saniyar gidan da ɗan abin wuyanta na aure suka tafi. Ta ga Ka'aba da idonta, ta yi umara a bayan mijinta tana riƙe da gefen haraminsa, tana kuka kamar yarinya. Ana gab da fita Mina zafin rana ya kayar da ita a bakin masaukinsu, daga nan ciwon ya sauka ƙirji. Ba ta ƙara sanin inda kanta yake ba sai da ta buɗe ido a asibiti, robar ƙarin ruwa a hannunta, wata nas tana yi mata barka da sallar da ta wuce. An hau Arfa an sauko, an yi jifa, an yanka, alhazai sun fara ɗaure kaya. Waɗanda jikinsu ya yi dama-dama an kai su Arfa a motar asibiti, ita kuwa likitoci suka ce ko motsa ta aka yi za a rasa ta.

Tun ranar ta ɗaure fuska, kuma wanda ya fi shan wahalar ɗaurin shi ne Bastawi. Mutum ne manomin rake, dogo, siriri, mai son magana a kan Allah fiye da yadda yake son abinci. Bai yi karatun malamai ba, amma ba ya iya ganin abu ya wuce bai juya shi ba. Jaki ya ƙi tafiya, zai ce mu ma haka muke yi wa Ubangiji, ya ci gaba da ba mu ci. Ruwa ya makara zuwa gona, zai ce ana koya masa jira ne, shi kuwa ɗalibi ne mai taurin kai. Tun tana amarya take jin irin waɗannan, wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci ta ce ya tashi ya gyara ƙofar kaji tukuna. Amma a kan gadon asibiti da ya sunkuyo ya fara cewa wanda ya kira su ɗakinsa ya fi su sanin abin da ya kira su su yi, sai ta juya masa baya. Ta ce masa kada ya kuskura ya ambaci Arfa a gabanta, ko yau ko gobe. Shi da ya tsaya a can ya yi addu'arsa ya gama, ai dole bakinsa ya yi zaƙi. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ja mayafi ta rufe kai. Bastawi ya yi shiru, wanda a wurinsa ya fi azumin bazara wuya.

Ayarinsu ya riga su dawowa, kuma mutanen wasu garuruwa ne. Yaran kuwa abin da ubansu ya gaya musu a waya kawai shi ne uwarsu ba ta da lafiya, su yi mata addu'a. Saboda haka da motar ta tsaya, ƙauyen gaba ɗaya yana ƙofar gida. Mata na guɗa, maza na rungumar Bastawi, babban ɗansu Hafni ya yanka rago a bakin ƙofa, 'yarsu Wahiba ta rungume ta tana kuka tana cewa Hajiya, Hajiya. Kowace mace ta kama hannunta ta sumbata, wai hannun da ya ɗagu a Arfa. Atiyyat ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta ce kanta yana ciwo, aka shigar da ita ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya gidan bai huta ba. Ana dafa miyar lalo da nama, ana toya gurasa, ana zuba zoɓo da shayi, ana raba zamzam a ƙananan kofuna. Masu barka suna shigowa da buƙatunsu, don addu'ar wanda ya dawo da ɗumin hajji ba a wasa da ita. Wannan ɗanta yana neman aiki, waccan surukarta ta daɗe ba haihuwa. Atiyyat takan ɗaga hannu ta motsa baki, a zuciyarta tana jin kamar mai sayar da madarar da aka tsuga wa ruwa. Daga tagar ɗakinta tana jiyo Bastawi a kan dakali ana ce masa Alhaji yana cewa a bar shi da Abu Hafni ɗinsa, wato baban Hafni, sai haushi ya ƙara kama ta. Ka ji mutum, an ba shi abu a hannu yana yanga da shi, ita kuwa da ta yi shekaru tana mafarkinsa an hana ta. Ta san ba daidai ba ne mutum ya yi fushi da hukuncin Allah, tana sallah tana istigfari, amma fushin yana nan daram.

Abin ya kai mata ne ranar da wata tsohuwar maƙwabciyarsu, makauniya, ta sa aka jawo ta har gaban gado. Ta lalubo hannun Atiyyat ta ɗora a kan idanunta, ta ce ita ba za ta taɓa zuwa ba, amma ya ishe ta ta taɓa wadda ta tsaya a can. Da tsohuwar ta fita, Atiyyat ta kira Hafni ta gaya masa komai, ta ce gobe da safe ya nemo mata mai fentin nan ya goge kalmar Hajiya daga gaban sunanta a bango.

Hafni ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya yi ta lallashi. Ya ce ai niyyarta ta kai, Allah ya gani. Ya ce an yanka rago, an ci, an yi guɗa, gari duka ya sani, yanzu idan aka ga mai fenti a kan tsani me za a ce? Ya ce bangon gidan Hajiya wance ma ai umara kawai ta yi aka zana mata har da jirage biyu. Ya ce ta tuna Wahiba da dangin mijinta masu dogon baki. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce:

"Ni ce zan riƙa wucewa ta ƙarƙashin rubutun nan safe da yamma, ba kai ba. In ba ka kira shi ba zan hau tsanin da kaina."

Hafni ya san uwarsa, za ta hau ɗin.

Washegari da hantsi mai fentin, Usta Mahran, ya iso da tsani a kafaɗa da bokitin farar ƙasa, fuskarsa ba walwala. Shi ya yi aikin, kuma yana alfahari da shi, musamman jirgin saman da ya yi wa tagogi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi tunda ya fara wannan sana'a an sha kiran sa ya ƙara, ba a taɓa kiran sa ya rage ba. Ya fara cewa Hajiya, ya ga irin kallon da ta yi masa, ya mayar da ita Ummu Hafni. Ta fito ta zauna a kujera a bakin ƙofa cikin baƙar rigarta, don ta ga an yi a gabanta. Kafin ya jingina tsanin mutane sun fara taruwa, masu zuwa gona sun tsayar da jakuna, mata na leƙowa ta kan soro. Hafni ya tsaya can gefe yana kallon ƙasa.

Bastawi yana kan dakali da kofin shayi. Ya ci gaba da kurɓa har mai fenti ya hau, ya tsoma buroshi, ya share kalmar Hajiya da shafa ɗaya. Atiyyat ba ta kau da kai ba. Usta Mahran ya fara saukowa, sai Bastawi ya ajiye kofin.

"Usta, tunda kana sama, ka haɗa da tawa."

Mai fentin ya tsaya da ƙafa ɗaya a iska. Atiyyat ta juyo a fusace. Ta ce ya daina wannan wasan, ba ta son tausayi, ba ta kuma son wa'azi da safiyar nan. Shi ya yi hajjinsa, ya riƙe abinsa, kada ya mayar da ita abin kallo fiye da haka.

"Ban yi ba, Ummu Hafni," in ji shi. "Na so in gaya miki tun a can, kika rufe kai."

Nan ne ya faɗa, a gaban kowa, a taƙaice, abin da ba halinsa ba. Ranar fita Mina ya yi wanka, ya ɗauko haraminsa, ya biya asibiti don ya leƙa ta kafin motoci su tashi. Likitan ya ja shi gefe ya ce idan akwai wanda za a sanar a gida a sanar. Shugaban ayarinsu ya biyo shi har can, ya roƙe shi, ya ce ba barin sa za a yi ya shiga ɗakin ba ma, zamansa a baranda ba zai ƙara mata numfashi ba, ya je ya yi mata addu'a a inda ake karɓa. Motoci suka jira shi har suka gaji suka tafi. Ya naɗe haramin ya zauna a kai a bakin ƙofar ɗakin, nan ya yi yinin Arfa, nan ya yi sallah.

Atiyyat ta ce ashe haukarsa ta kai haka? Saniyar fa? Shekarun da suka yi suna jira fa? Da ƙarfin wa zai koma, da kuɗin wa?

"Arfa tana nan inda take, ba inda za ta," in ji Bastawi. "Ke ce aka ce mini da wuya ki kai magariba. Na ce idan za a karɓe ki, a samu wanda ya san sunanki a bakin ƙofa. Abu ɗaya na roƙa a barandar nan, kuma ga ki zaune kina yi mini faɗa. Ni ban san wanda ya dawo da abin da ya fi nawa ba."

Atiyyat ta dube shi, wannan siririn tsoho da ta yi makonni tana juya wa baya, tana hassadar abin da bai samu ba, shi kuwa yana kawo mata ruwa yana gyara mata matashi. Kunya ta rufe ta, bayan kunyar kuma sai wani daɗi da ba ta taɓa jin irinsa ba, ko a gaban Ka'aba. Ta yi ta ƙirga abin da aka hana ta, ba ta taɓa waiwayawa ta ga abin da aka ajiye mata a bakin ƙofa ba. Ta zame daga kujerar, Hafni ya zabura zai tare ta, ta ture hannunsa. Ta fuskanci alƙibla a nan cikin ƙurar titi da ɗigon farar ƙasa, ta kai goshinta ƙasa, ta daɗe tana godiya tana kuka.

Da ta ɗago, fuskarta duk fari-fari, Usta Mahran yana nan a tsakiyar tsani bai san hawa zai yi ko sauka ba. Ya tambaya a hankali ko duka bangon zai shafe. Ta ce a'a, ya bar Ka'aba don sun gan ta, ya bar jirgin sama don sun hau shi, raƙumin ma ya bar shi tunda yara na son sa. Kalmar Alhaji kawai zai cire, kamar yadda mai gidan ya ce, sai kuma addu'ar karɓar hajjin.

Ya hau ya shafe. Ya dubi abin da ya rage, Bastawi da Atiyyat, da farin fili a gaban kowane suna, ya ce aikin ya yi giɓi, ko zai cike wurin da fure?

"Bar shi haka," in ji Atiyyat, tana share fuska da gefen mayafi. "Kai kuma Abu Hafni, shayinka ya huce. Taso mu shiga ciki in haɗa maka wani, ka ba ni labarin barandar nan tun daga farko. Yau ka yi ta magana, ina ji."