Gonar Wanda Ba a Haifa Ba

Lawal ya rasu ya bar Suwaiba da cikin wata huɗu, cikinta na fari, da gona ɗaya a bayan garin Yako. Da aka zo rabon gado, liman ya ce a dakata. In namiji aka haifa, gonar tasa ce, sai ɗan kason uwarsa. In mace ce, rabi nata, Mudi wan mamacin ya samu abin da ya saura. In kuma bai zo da rai ba, wannan wata maganar ce daban.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka. Gonar Lawal ta cika da ciyawa, tana jiran mai ita, wanda bai ma san an yi duniya ba.

Suwaiba tana takaba, ba ta fita, amma ɗakinta bai rasa baƙi ba. Luba matar Mudi, wadda a da ko gaisuwa sai ta ga dama, ta koma kawo kunun tsamiya kullum. Sai ta zauna ta ƙare wa cikin kallo, ta ce, "Wannan faɗin ai na mace ne." Cikin take gaisarwa, ba mai cikin ba. Suwaiba ta sani sarai, abin kuma yana yi mata ciwo, amma ko banza ana ɗaga labulenta a yi sallama.

Mudi dai ya ƙosa. Ya ce damina na wucewa, a je Bebeji a yi hoton ciki, kowa ya san inda ya tsaya.

A asibiti ma'aikaciyar ta ɗora mata na'ura, ta daɗe tana duba, sannan ta ce, "Lafiya lau yake. In gaya miki mace ce ko namiji?"

Suwaiba ta tuna da Luba. In namiji ne, Luba za ta ɗauke ƙafa don haushi. In mace ce, bukata ta biya, me kuma zai kawo ta? Saura wata uku ta haihu, kuma ba ta iya zaman wata uku ita kaɗai da bango.

"Bar shi kawai," in ji ta.

Da ta sauka daga mota, ta tarar da Mudi a zaure yana jira.

"Me aka ce?"

"An ce lafiya lau yake, Yaya."

"Ba wannan na tambaya ba."

"Na sani," ta ce, ta wuce ciki.